Haƙora da juyi: yadda ake canza «rapport de pont» a motocin ƙwanji na Amurka

Wannan ɗan rubutu yana cikin ƙoƙarin da ake yi na bayyana ilimin fasaha da Hausa. Misalin da muka ɗauka daga Amurka yake, wato motocin da za mu kira motocin ƙwanji: matsakaicin jiki, babban inji mai silinda 8, ƙafafun baya ke tura su. Yawanci ana fara lissafinsu daga Pontiac GTO ta 1964, kuma tashin kuɗin mai na 1973 yana cikin abubuwan da suka kashe musu kasuwa.

A tsakiyar aksul na baya akwai ƙarafa biyu masu haƙora. Ƙaramin («pignon») yana bakin sandar da ke kawo juyi daga akwatin giya, shi ke juya babban faifai («couronne») mai juya ƙafafu. In an raba yawan haƙoran faifan da na ƙaramin, sai a sami lambar da ake magana a kanta. Haƙori 40 da 13 suna ba da 3,08. Haƙori 41 da 10 suna ba da 4,10. Ma'anar 4,10 ita ce sanda ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin ƙafa ta juya sau ɗaya.

Mai mota da ya bar 3,08 ya koma 4,10 ya ƙara wa ƙafafunsa ƙarfin turi da kashi ɗaya cikin uku, ba tare da ya taɓa inji ba. Shi ya sa masu tseren gajeren zango suke son ta, har kamfanin Chrysler ya sayar da wasu motocinsa da aksul Dana 60 mai 4,10 tun daga masana'anta. Amma abin ba kyauta ba ne. Mu ɗauki taya mai tsayin santimita 66: a gudun kilomita 100 tana juyi wajen 800 a minti. Giyar ƙarshe ta akwatunan wancan zamani ba ta ragi ba ta ƙari, saboda haka da 3,08 inji yana juyi wajen 2.500, da 4,10 kuwa wajen 3.300. Ga shan mai, ga ƙara, ga zafi a doguwar hanya. Agogon gudu ma sai ya riƙa nuna abin da ya fi gaskiya, sai an canza masa ɗan haƙorinsa.

Aikin kansa na mai haƙuri ne. Ƙarafan biyu tare ake canza su, don tare aka wasa su. Ana daidaita zurfin shigar ƙaramin da siraran faranti, a bar rata ta wajen 0,2 na milimita tsakanin haƙora, sannan a shafa musu launi a juya, a duba inda suke haɗuwa. In an kuskure, aksul ya yi ta kuka har haƙora su cinye. Aksul na Ford mai inci 9, wanda ya fito a 1957, ya yi suna ne don ana ciro cikinsa gaba ɗaya a yi aikin bisa tebur.

Matsalar da ta shafe mu ita ce ta suna. Faransanci yana kiran 4,10 «pont court», 3,08 kuma «pont long». Ga shi babbar lamba ce ake cewa gajera! Wanda ya fassara kai tsaye ya ce «gajeren aksul» ya ɓad da mai karatu, don ba abin da ya gajarta a jikin ƙarfen. Tazarar da mota ke ci a kowane juyin inji ce ta ragu. «Babba» da «ƙarami» ma ba su raba gardama ba: lamba ake nufi, ko faifai, ko gudu? Mai saye da ya ruɗe nan zai biya kuɗin akasin abin da yake nema.

A ganinmu gara a bi hanyar da Hausa ta saba, a kira abu da aikinsa: 4,10 «haƙoran ƙarfi», 3,08 «haƙoran gudu». «Rapport» kuwa muna ba da shawarar «rabon juyi», a riƙa karanta lambar a ce juyi huɗu na sanda, ɗaya na ƙafa.