Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Ran 21 ga watan Maris na shekarar 1986, a wata cibiyar maganin ciwon daji da ke garin Tyler cikin Jihar Texas ta Amurka, aka kwantar da wani majiyyaci a ƙarƙashin na'urar gashi da haske mai suna Therac-25. Ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar gwana ce wajen bugun rubutu. Da farko ta buga harafin X, watau gashi mai ratsa jiki da zurfi, alhali kuwa harafin E ake bukata, wanda ke nufin gashi mai sauƙi. Nan da nan ta lura, ta koma ta gyara, sa'an nan ta ba na'urar umurnin fara aiki.

Sai na'urar ta tsaya, allonta ya rubuta "Malfunction 54", kuma ya nuna wai kaɗan ne ƙwarai aka ba majiyyacin daga abin da likita ya ƙayyade. Littafin koyar da aikin na'urar bai bayyana ma'anar wannan lamba ba. Da yake ma'aikatan sun saba ganin irin waɗannan saƙonni kullum ba tare da wani abu ya faru ba, sai ta danna harafin P domin a ci gaba. Ran nan kuwa na'urar magana da ke haɗa ta da ɗakin majiyyacin ta lalace, don haka ba ta ji kukansa ba sai da ya tashi ya yi ta dukan ƙofa. Likita ya rubuta masa ma'aunin rad 180 ne, amma daga baya aka ƙiyasta cewa abin da ya shiga jikinsa ya kai tsakanin 16,500 da 25,000. Bayan wata biyar ya rasu.

Kamfanin AECL na Kanada, wanda ya ƙera na'urar, ya aiko da injiniyoyinsa, suka gwada ta, ba su ga aibu ba, aka mayar da ita bakin aiki. Ran 11 ga watan Afrilu abin ya sāke faruwa ga wani majiyyaci, shi kuma ya rasu bayan mako uku. Sai masanin kimiyya na cibiyar ya zauna tare da ma'aikaciyar suna ta maimaita abin da ta yi, har suka gano bakin zaren. Na'urar tana bukatar kamar daƙiƙa 8 kafin ta gama shirya maganaɗisunta. Idan aka yi gyara cikin wannan ɗan lokaci, allo zai nuna an karɓa, amma na'urar za ta saki haske mai tsananin ƙarfi ba tare da farantin ƙarfen da ya kamata ya tare shi ba. Wanda ya yi bugun a hankali ba zai taɓa cin karo da wannan kuskure ba, shi ya sa ya ɓuya ga masu gwaji.

Tsakanin 1985 da 1987 an tabbatar da haɗurra 6 irin na wuce kima a Amurka da Kanada, aƙalla mutum 3 suka mutu. Tsohuwar na'urar kamfanin, watau Therac-20, tana da makullai na ƙarfe da wuta masu katse aiki in wani abu ya karkace. A sabuwar an cire su, aka dogara ga tsarin kwamfuta kaɗai. A 1993 Farfesa Nancy Leveson da Clark Turner suka buga cikakken bincike a kan lamarin, wanda ya zama darasi ga ɗaliban aikin kwamfuta a jami'o'i da dama.

Darasin kuwa shi ne, bai isa a gwada na'ura a ga tana aiki daidai sa'ad da komai ke tafiya daidai ba. Wajibi ne mai gwaji ya yi kuskure da gangan: ya bar gurbi babu komai, ya sa harafi inda ake son lamba, ya danna maɓalli sau biyu a jere, ya yi gyara da gaggawa, ya katse wuta ko layin sadarwa a tsakiyar aiki. A kowane hali ya duba abubuwa uku: ko saƙon da ya fito ya faɗi abin da ya auku cikin harshen da ma'aikaci zai gane, ko ya faɗi abin da za a yi, da kuma ko abin da allo ya nuna ya dace da abin da na'urar ta aikata. Bugu da ƙari, kuskure mai haɗari bai kamata a iya tsallake shi da danna maɓalli ɗaya ba, kuma gargaɗin da ya yawaita a kan ƙananan abubuwa yakan sa a daina kula shi.

Mai karatu da ya taɓa tsayawa a gaban na'urar cire kuɗi ko ta mai POS, allo ya ce ciniki bai yiwu ba alhali an zare kuɗin daga asusunsa, ya ɗanɗani irin wannan saɓani tsakanin allo da gaskiya. A can kuɗi ne, akan bi sawu a dawo da su. A asibiti rai ne. Saboda haka duk hukumar da za ta sayo na'ura mai allo, ya kamata ta tambayi mai sayarwa irin kurakuran da aka gwada ta da su tun kafin ta sa hannu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.