Me ya sa sunan Ƙanƙara ke lalacewa a wasu shafukan intanet?

Mutumin Pauwa da ya cike fom a intanet, ya rubuta sunan ƙaramar hukumarsa yadda ake faɗin sa, wato Ƙanƙara, zai iya ganin alamar tambaya ta fito a gurbin harafin farko. Sau da yawa laifin ba na wayarsa ba ne. Matsalar tana tasowa ne daga yadda aka tsara shafin ya riƙa ɗauko haruffa ɗaya bayan ɗaya daga cikin kalma.

Kwamfuta tana kallon kalma a matsayin jerin haruffa, kowanne da lambar gurbinsa, kuma ƙirgar tana farawa ne daga 0. A JavaScript, yaren da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, idan aka yi amfani da umarnin charAt aka nemi gurbi na 0 a Ƙanƙara, za a samu Ƙ, gurbi na 3 kuma ya ba da ƙ. Tun daga 2022 akwai umarnin at, wanda idan aka ba shi -1 yake kawo harafin ƙarshe.

A PHP, wanda shafuka da dama ke aiki da shi, lamarin ya bambanta. Shi ba haruffa yake ƙirgawa ba, ƙananan gurabun ajiya ne da ake kira bayit. A tsarin UTF-8 harafin k yana cin bayit ɗaya, amma ɓ, ɗ da ƙ kowanne biyu yake ci. Shi ya sa umarnin strlen ke cewa tsawon Ƙanƙara 9 ne maimakon 7, kuma wanda ya ɗauko gurbi na 0 rabin harafi kawai zai samu. Faskari da Sabuwa ba sa shiga wannan tarkon, domin babu mai lanƙwasa a cikinsu.

Maganin yana cikin yaren: mb_strlen da mb_substr haruffa suke ƙirgawa. Idan mai tsara shafi bai yi amfani da su ba, jama'a sukan haƙura su jefar da lanƙwasar, alhali baki daban, baƙi daban, haka ma kafa da ƙafa. Don haka kafin matashin da ke koyon wannan sana'a ya miƙa aiki, yana da kyau ya fara gwada shi da sunan Ƙanƙara.