Tanadin Asibiti Kafin Ɓarkewar Annoba: Nazari a kan Ƙasar Maska da Funtuwa

A ƙasar Maska da sauran yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, annoba tana da lokacinta kamar yadda shuka take da nata. Amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro na damina ne. Sanƙarau da baƙon dauro kuwa sukan taso daga hunturu zuwa bazara. Saboda haka, tanadin asibiti a nan ya kamata ya bi lissafin shekara, tun da an san watannin da za a fi samun cunkoso.

Shekarar 2021 ta isa misali. A cikinta hukumar NCDC mai daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, wajen 3,600 daga cikinsu suka rasu. Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma Funtuwa ta ɗanɗana kuɗarta. Wannan adadi ya zarce mutum 3 cikin 100, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, idan magani ya samu a kan kari, bai kamata a rasa ko 1 cikin 100 ba.

Wannan tazara ba ƙarancin gadaje kaɗai ya haifar da ita ba. Kwalara tana tsotse ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i, kuma mafi yawan masu ita ruwan gishiri da sukari ya ishe su. Masu tsanani ne ke buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya. Manomin da cutar ta kama cikin dare a ƙauye, ga hanya ta jiƙe, ga fargabar 'yan bindiga, yakan isa Babban Asibitin Funtuwa bayan jiki ya riga ya bushe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kuwa ya yi masa nisa ƙwarai. Ke nan ƙarfin da ya fi ceton rai yana ga ƙaramar cibiyar lafiya ta mazaɓa: ledojin ƙarin ruwa, sinadarin kulorin, tsaftataccen ruwa, da ma'aikacin da zai kwana a bakin aiki. Ya kamata a ajiye waɗannan tun watan Mayu, kafin ruwa ya kankama.

Sanƙarau nasa tanadin daban ne, domin allurar rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta yake bukata. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, wanda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Amfaninsa a ƙauye ya rataya ne a kan firijin da zai riƙe sanyi a zafin Maris da Afrilu.