Harsashin da Ya Tsaya Gab da Zuciya: 'Yan Sandan Amurka da Bindigar Ƙugunsu

Da safiyar Juma'a, 11 ga Afrilu 1986, jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, su takwas suka tare wata mota a wata unguwa da ke kudancin Miyami. Mutum biyu ne a cikinta, William Matix da Michael Platt, tsoffin sojoji da suka koma fashin bankuna da motocin dakon kuɗi. Ko minti biyar ba a cika ba aka harba harsashi wajen 145. Da ƙura ta lafa, jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, sun riga mu gidan gaskiya, biyar sun ji rauni, 'yan fashin ma duk sun mutu. Mutum ɗaya tak a cikin takwas ɗin ya fita ba jini a jikinsa.

Abin da ya ɗaure wa hukumar kai shi ne yadda Platt ya yi wannan ɓarna. Tun farkon artabun Dove ya same shi da harsashi mai faɗin milimita 9, wanda ya ratsa damtsensa na dama, ya shiga ƙirji, ya keta huhu, sannan ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya taɓa zuciya. Likitoci sun ce raunin kisa ne, ba makawa. Amma mutuwar ba ta zo nan take ba, kuma a 'yan mintocin da suka rage masa ne ya ci gaba da ɓarin wuta da doguwar bindigarsa ƙirar Ruger Mini-14, har ya kashe Dove ɗin da ya harbe shi. Harsashi 12 aka samu sun taɓa jikinsa, kuma gwajin jini bai nuna ya sha wata ƙwaya ba.

Duk wanda zai fahimci yadda ɗan sandan Amurka ke ji game da bindigar da ke ƙugunsa, to daga wannan inci ɗaya zai fara. Shekaru talatin 'yan sandan ƙasar suka yi suna gardama a kansa, a ɗakin sauya kaya da filin koyon harbi da tarukan ƙungiyoyinsu, aka kashe kuɗi masu yawa, aka sauya bindigogi sau da dama.

A lokacin, yawancin 'yan sandan Amurka libarba suke riƙewa, mai cin harsashi shida a cikin wata ganga mai juyawa. Dattawan aikin suna ƙaunarta, kuma suna da hujja. Ba ta cika cijewa ba. In harsashi ɗaya ya ƙi tashi, kunama kawai za ka sake ja, ganga ta juyo da na gaba. Aibinta ɗaya ne, amma babba: shida ɗin nan in sun ƙare, sai ka buɗe ta, ka zubar da kwanso, ka ɗura sababbi, hannu na rawa, abokin gaba na matsowa. A Miyami, Gordon McNeill ya harbe shidansa, harsashi kuma ya fasa masa hannu, ya yi ta ƙoƙarin ɗura wasu amma jini da raunin suka hana shi, har Platt ya same shi a wuya. Kafin wannan, a Afrilun 1970, an kashe 'yan sandan sintirin hanya huɗu a Newhall ta jihar Kalifoniya, dukkansu samari 'yan shekara 23 da 24. Ɗayansu, James Pence, yana cikin ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya aka zagayo aka harbe shi. Watanni biyu bayan na Miyami kuma, aka kashe Scott Gadell, ɗan sandan birnin Niyok, shi ma yana cikin ɗurawa. Waɗannan sunaye 'yan sanda suka riƙa ambata duk lokacin da suka ce an bar su da shida alhali 'yan ƙwaya na yawo da bindigogi masu cin goma sha wani abu. Kukan gaskiya ne, ba wanda zai ce wa mutumin da ya binne abokin aikinsa yana shagwaɓa.

Ana cikin haka Glock ta shigo kasuwa. Gaston Glock injiniya ne ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya fara da ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, kafin ya fito da fistol mai gangar jikin roba mai tauri, mara nauyi, mai cin harsashi 17. Sojojin ƙasarsa suka karɓe ta a farkon shekarun 1980. A Amurka kamfanin ya riƙa karɓar tsoffin bindigogin rundunoni yana ba su sababbi da rangwame. Kasancewar ƙasar na da hukumomin 'yan sanda wajen 18,000, kowacce da ikon zaɓar makaminta, sauyin ya bi gari gari, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 libarba ta zama ta 'yan tsiraru. A Niyok an ƙyale tsofaffin hannu su ci gaba da rataya tasu har zuwa 2018, lokacin da aka umarci ragowar su ajiye.

Ita FBI wata hanya ta bi. Ta yanke hukunci cewa harsashin Dove ne ya gaza, don da ya ƙara inci ɗaya da faɗan ya ƙare tun da wuri. Ta tara likitoci da masana a makarantarta ta Quantico a 1987, daga bisani ta kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: harsashin aiki dole ya nitse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren sinadari da ake kwatanta naman jiki da shi, ko da ya fara ratsa tufafi masu kauri ko gilashin mota. Sai ta koma ga babban harsashi mai milimita 10. Nan aka ci karo da abin da ba a lissafa ba, wato hannun mai riƙewa. Bindigar ta yi wa jami'ai da yawa girma, turin da take yi baya a kowane harbi ya yi musu ƙarfi, saiti ya lalace. Aka rage wa harsashin albarushi. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushi ana iya gajarta kwanson, suka fito da harsashin .40 a 1990. FBI ta karɓi Glock mai cin irinsa a 1997, rundunoni masu ɗimbin yawa suka bi sahu.

Sai ga shi a 2014 sashen horarwa na FBI ɗin nan ya fitar da takarda yana ba da shawarar a koma milimita 9. Dalilansa: ƙirar harsashi ta inganta, jami'ai sun fi sauri da dacewa da shi a gwaji, bindiga ta fi cin da yawa, kuma likitan da ke buɗe rauni ba ya iya bambanta ramin da 9 ya yi da wanda .40 ko .45 ya yi. Takardar ta ce abin nan da 'yan sanda ke kira ƙarfin tsayar da mutum, a ƙaramar bindiga, tatsuniya ce. Inda harsashi ya sauka shi ne magana. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar sababbin bindigogi masu milimita 9. An dawo gidan jiya bayan shekara talatin.

Ni a ganina, tun 1986 an bar jaki ana dukan taiki. Ƙa'idar inci 12 ta yi amfani, ba na musu. Amma duk wanda ya bi labarin ranar dalla-dalla zai ga abubuwan da suka fi harsashin nauyi. Jami'ai biyu sun zare bindigoginsu daga kube tun a cikin mota don su kasance a shirye, da motoci suka yi karo sai bindigogin suka suɓuce musu. Tabaran Grogan, wanda yake cikin gwanayen harbinsu, ya faɗi a karon. An san mutanen nan na ɗauke da doguwar bindiga, aka tare su galibi da ƙanana. Wanda kuma ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, da hannu ɗaya ya yi shi, don harsashi ya ragargaza masa na hagu. Ya miƙe yana layi, ya nufi motar da 'yan fashin ke ƙoƙarin gudu da ita, ya juye musu harsashi shida na libarbarsa. Sayen sabon makami ya fi sauƙi ga hukuma a kan ta zauna ta binciki shirinta da horonta, kuma jami'in da ke cikin tsoro ya fi saurin samun natsuwa da abin da zai iya taɓawa da hannunsa.

Birnin Niyok ya nuna ɗaya fuskar lamarin. Shugabannin rundunar sun daɗe suna ɗari-ɗari da fistol, suna tsoron yawan harbi a gari mai cunkoso. Da suka amince a farkon shekarun 1990, sai suka sa aka ƙara wa kunama tauri, yadda sai an ja ta da ƙarfin fam 12, wato kusan kilo biyar da rabi, ninki biyu da ɗoriya na yadda kamfani ke ƙera ta. Manufar ita ce kada yatsa ya taɓa bindiga ta tashi ba da gangan ba. Jami'ai sun yi shekaru suna ƙorafi a kan wannan kunama. Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce: bindigar ko kilo ɗaya ba ta cika ba in babu harsashi, in ka matse ta da ƙarfin kilo biyar, bakinta zai karkace daidai lokacin da harsashi ke fita. Sai a 2021 rundunar ta amince sababbin ɗauka su fara da kunama mai laushi.

Taurin kunamar kuwa bai hana abin da ake gudu ba. A Nuwamban 2014, wani sabon ɗan sanda, Peter Liang, ya shiga matakalar bene mai duhu a Brooklyn da bindiga a hannu, ya razana, ta tashi, harsashi ya daki bango ya karkata ya kashe Akai Gurley, wanda saukowa kawai yake yi. Da yatsan na wajen kunama, kamar yadda ake koyarwa tun ranar farko, da Gurley na raye.

Sai batun saiti. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben rundunar Niyok daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari na harsasan 'yan sanda ne ke samun wanda aka nufa. Idan ba a mayar musu da wuta ba, kusan kashi 30. Sauran fa? Wani wuri suke sauka. Ranar 24 ga Agustan 2012, a gindin dogon benen Empire State, 'yan sanda biyu sun harba 16 kan wani mai kisa. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni daga harsasansu ko ɓarɓashinsu. Mu 'yan Afirka ta Yamma kuwa ba za mu manta da Amadou Diallo ba, matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, wanda 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta a bakin ƙofar gidansa a Bronx ranar 4 ga Fabrairun 1999, bayan ya ciro walat daga aljihu. Sun harba 41, guda 19 suka same shi, kuma kotu ta sallame su a shekarar da ta biyo. Da libarba ce a hannunsu, 24 ne iyakar abin da za su iya harbawa kafin dole ta sa su dakata su ɗura, kuma a wannan dakatawar ido kan ga abin da tsoro ya rufe. Harsasan da aka ƙara wa ɗan sanda don ya tsira da ransa, wani lokaci talakan da bai ji ba bai gani ba ne ke biyan kuɗinsu.

Akwai kuma ranar da jami'i ke tsoron bindigarsa ita kanta. Hakan ya faru da SIG Sauer P320, wadda sojojin Amurka suka zaɓi wani samfurinta a 2017. Jami'ai a wurare daban-daban sun kai ƙara suna cewa ta tashi a cikin kube ba wanda ya taɓa kunama. Kamfanin ya musanta, yana cewa ba ta tashi sai an ja. Amma a Milwaukee ƙungiyar 'yan sanda ta maka birnin a kotu a 2022, kuma aka sauya musu da Glock. Mutum zai iya jure takalmin da ke matse shi, amma ba zai yi awa takwas ko goma sha biyu da abin da yake zargin zai fasa masa cinya ba.

Wani abu da fina-finai suka ɓoye wa mutane: binciken da cibiyar Pew ta wallafa a 2017, bayan ta tambayi jami'ai kusan 8,000, ya nuna kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka taɓa harba bindigar aiki a bakin aiki. Kusan uku cikin huɗu ba su taɓa ba. Ra'ayin yawancinsu game da makaminsu daga filin koyo ya fito, inda ake harbin takarda da ba ta motsi, ba ta ramawa, ga haske, ga malami a gefe. A Niyok sau biyu a shekara ake yi musu gwajin harbi a filin koyo. Rana ɗaya kuma sai a buƙaci mutum ya yanke hukuncin rai da mutuwa cikin daƙiƙa biyu, a duhu, zuciya na dukan uku-uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma da yawansu ranar suke fara sanin yadda hannunsu ke yi in tsoro ya kama shi.

Wannan ya sa na kasa karanta labarin nan ba tare da tuna ɗan sandanmu da ke tsaye a shingen hanya ba, rataye da AK-47, bindigar yaƙi mai cin harsashi 30, wadda harsashinta ke ratsa ƙofar mota ya wuce. Shi ma yana da iyali, shi ma yana fuskantar 'yan bindiga, kuma ya cancanci makamin da zai dogara da shi. Rundunar 'yan sandan Najeriya ta sabunta dokarta ta amfani da makami, wadda aka sani da lamba 237, a 2019, kuma wannan mataki ne mai kyau. Sai dai doka a takarda ba ta koya wa yatsa inda zai kwanta. Ina kira ga 'yan majalisar da ke duba kasafin 'yan sanda, duk sanda aka kawo musu takardar sayen sababbin bindigogi, su tambaya tukuna: harsashi nawa kowane kurtu ya harba a filin koyo a bara, kuma nawa aka ware masa a bana.