Gigin Tsufa: Bai wa Maigida Magani Ba Cin Amana Ba Ne

Kwanakin baya wata mai juna biyu daga wani ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara ta zo awo da kumburi a hannu. Da na matsa mata, sai ta ce surukinta ne ya kai wa surukarta duka da sanda, ita kuma ta shiga tsakani. Tsohon yana fama da gigin tsufa. Likita ya rubuta masa magani, amma Inna ta ɓoye shi cikin kwalla, tana cewa, "Shekara 40 muna tare, yau ni ce zan kashe masa jiki?"

Uwargida, idan haka gidanki yake, wannan bayani naki ne.

Ciwo ne, ba hali ba

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba sammu ko iska ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55. Idan maigida ya zage ki ko ya ɗaga miki hannu, galibi tsoro ne da ruɗewa, musamman daga la'asar zuwa magariba.

A fara neman dalili

Sau da yawa akwai abin da ke damunsa wanda ya kasa faɗa: ciwon haƙori, taurin bayan gida, riƙewar fitsari, zazzaɓi, yunwa ko hayaniyar yara. Kada a yi gardama da shi. A yi masa magana a hankali, a kunna fitila da wuri, a kawar da wuƙa, lauje da adda.

Idan magani ya zama dole

Idan an gwada waɗannan duka kuma ana tsoron rauni, likita na iya ba da magani irin su risperidone. Damuwarki tana da tushe, domin maganin na iya kawo yawan barci, sandarewar jiki, faɗuwa, har da shanyewar ɓarin jiki. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irinsa yana ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, na ɗan lokaci. A Ingila mako 6 aka ƙayyade. Ki tambayi likita ranar komawa, kuma ki faɗa masa duk canjin da kika gani. Kada ki sayi maganin barci a kemis, kada ki ƙara ko ki daina da kanki.

Niyyarki ita ce a kare shi, a kare iyali. Wannan riƙon amana ne. Ki nemi 'ya'ya da abokan zama su karɓe ki, ki samu barci.

Ke kuma mai juna biyu, kada ki shiga tsakani, ki kira maza. Idan duka ya same ki a ciki, ki je asibiti nan take, ko da ba ki ga jini ba.

Mutanen Ikara, Makarfi da Kudan, ku fara da asibiti mafi kusa. Za a iya turo ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauke ku lafiya, amin.