Gargaɗi: Ƙaramin Batirin Nan Na Iya Halaka Yaro

Jama'a, a yi hattara wajen canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke cikin rimot ɗin makullin mota, sikelin awon nauyi da na'urar gwajin suga, da ƙannensa na agogon hannu da carbin lantarki. Wanda aka fi gani shi ne CR2032, mai faɗin milimita 20, daidai abin da zai maƙale a maƙogwaron ƙaramin yaro.

In ya maƙale, yawu ne ke haɗa wutarsa, sai ya riƙa samar da sinadari mai cin nama irin sodar da ake yin sabulu da ita. Cikin awa 2 ya isa ya yi mummunar ƙuna, in an yi jinkiri har ya huda jijiyar jini. Ko batirin da ya daina tayar da rimot yana da sauran wutar yin wannan ɓarna.

Wuyar buɗe murfin wurin batiri a jikin na'ura da ke ba mutane haushi, da gangan aka yi ta. A 2022 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙarfafa murfin, aka sa mata sunan Reese, yarinya 'yar wata 18 da ta rasu a 2020 bayan ta haɗiye batirin wani rimot. Don haka kar a sa wuƙa ko reza a ɓalle shi. A nemi ƙaramin sukudireba daidai bakin notin. In babu, a kai wa mai gyaran agogo. Murfin da ya karye aka liƙe da salatif, ɗan yatsan yaro ya fi ƙarfinsa. Gara a raba gidan da na'urar.

A yi canjin a kan tebur, ba a kan tabarmar da yara ke rarrafe ba. Kar a riƙe batiri a baki, kar a kama shi da hantsakin ƙarfe, yana zuƙe masa wuta. Tsohon kuwa, da fitowarsa a naɗe shi da salatif gaba da baya, a ɗaga shi inda hannun yaro bai kai ba.

In ana zargin yaro ya haɗiye, a garzaya asibiti nan take, a gaya wa likita batiri ne, a ɗauki hoton ƙirji. Kar a zauna jiran alama, domin wani yaron dalala ko tari kawai zai yi. Kar a sa shi amai, kar a ba shi abinci. Amma in ya wuce shekara 1, kuma ba a kai awa 12 da haɗiyewar ba, a ba shi zuma cokalin shayi 2 duk minti 10 a kan hanya, kar ya wuce sau 6. Zumar rage ƙunar kawai take yi, likita ne zai cire batirin. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.