Ihun Ƙarya a Inda Kowa ke Jin Kowa

Bahaushe ba baƙon wasa ba ne. Taubashi na tsokanar taubashinsa, jika na kiran kakarsa matarsa, Bakano da Bazazzagi ba sa rabuwa ba su taɓa juna ba. Amma wasan nan yana da ƙa'ida: an san da wa ake yi, wanda ake tsokana ya san wasa ne, kuma yana da bakin ramawa.

Abin da wasu samari ke kwaikwayo daga TikTok daban ne. Armashinsa duka shi ne wanda ake yi wa bai sani ba. A jefa wa tsohuwa macijin roba, a ɓoye wa mutum akuya, a lulluɓa da farin ƙyalle a tare hanyar maƙabarta da dare, wani na gefe yana ɗauka da waya.

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, gona na jingine da gona, gida na jin tarin maƙwabci. Ihu a nan ba surutu ba ne, kiran gayya ne. Wanda ya ce "wuta!" cikin hunturu, lokacin da rumbuna ke cike kuma kara ya bushe, ya tashi unguwa guda. Wanda ya ce "ɓarawo!" ya fito da mutane da gora da adda, su kuwa ba sa tsayawa tambaya. Tun da 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono a ƙarshen 2025, ƙarar babur da dare ma ta isa ta sa mata su goya yara su faɗa gona. Mai ciki da mai hawan jini su ne ke biyan kuɗin dariyar, sannan ran da ihun gaskiya ya zo, sai wani ya gyara kwanciya ya ce yaran nan ne.

Malamai sun daɗe da yanke magana. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke igiyar ɗan'uwansu yana barci, ya farka a firgice, Annabi (SAW) ya hana tsorata Musulmi. Igiya ce fa kawai.

Ko tashe, da kowa ya san lokacinsa cikin azumi, 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwace.